Sunan da Aka Raɗa Mini a Sentul

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya irin wadda ta kamaci 'ya ga uwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan wasiƙa ta riske ki cikin ni'imar makwanci. Mu nan Kuala Lumpur muna lafiya, ni da surukinki Abban Hafsa da jikokinki. Na ce muna lafiya ne don haka aka koya mana fara wasiƙa, amma gaskiyar magana tun ranar Juma'a hankalina bai kwanta ba.

Na san da kina raye kika ji na rubuta wannan a shafin da kowa zai karanta, cewa za ki yi boko ta gama cinye mini kunya. Ki yi haƙuri. Ba ni da adireshin da zan aika miki, kuma maganar ta fi ƙarfin in riƙe ta ni kaɗai.

Ga abin da ya faru a taƙaice. Akwai wata tsohuwa a garin nan da take kirana 'yarta. An kama ta ranar Alhamis saboda ba ta da takardun zama, tana da ciwon suga, allurarta kuma tana gida cikin firiji. Sauran bayanin sai na koma baya kaɗan kafin ki gane yadda aka yi abin ya faɗo kaina.

Kin sha tambayar ƙanwata Jummai, wai karatun me waccan take yi da ba ya ƙarewa. Ban taɓa ba ki amsa mai kyau ba, don ba ni kike tambaya ba. To yau ga ta. Harsuna ma suna da dangi, Inna. Akwai wani babban gida da ya haɗa harshen Sinawa da na mutanen Tibet da na Bama, wato Myanmar, da wasu masu ɗimbin yawa. A cikin gidan nan akwai wani ɗan sashe da masana ke kira Jingpho-Luish, shi nake karanta. Jingpho shi ne babban wa. Mutanen Kachin na arewacin Myanmar ke yin sa, yana da rubutunsa, ana waƙa da wa'azi da shi. Ƙannensa kuwa, su Kadu da Ganan da Sak, sun warwatsu, masu yin su ba su da yawa, yara da dama sun koma wasu harsunan. Akwai wasu biyu a ɓangaren Indiya, Andro da Sengmai, da sun riga sun yi shiru. Abin da ya rage nasu 'yan kalmomi ne da aka rubuta tun zamanin Turawa.

Laifinki ne ma na shiga wannan harka. Kin taɓa gaya mana cewa kakanninku na Auyo suna da nasu yaren kafin Hausa ta shanye shi, kuma ko kalma ɗaya ba ki gada ba. Kin faɗa ne kina tsintar shinkafa, kamar kina ba da labarin ruwan bara. Ke kin manta, ni kuwa maganar ta zauna mini har ta kawo ni wata uwa duniya.

Da na fara neman wanda zai koya mini Kadu a nan, kowa ce mini yake in haƙura. Masu Jingpho dai akwai su da yawa, yaƙi ya koro su, suna aiki a gidajen abinci da shaguna, suna taruwa ranar Lahadi a cocinsu da ke saman bene. A can ne wani ya ce akwai wata tsohuwa, Nu Roi, wadda ubanta Jingpho ne amma uwarta Kadu ce, kuma har yanzu tana mafarki da yaren uwar. Tana ɗinkin bakin zani a bayan wani shagon yadi a Jalan Tuanku Abdul Rahman, titin da matanmu ke zuwa sayen mayafi. Tana zaune a unguwar Sentul da ɗanta Gam, magidanci ne mai aiki a kicin ɗin wani gidan abinci. Ban ji tsoron rubuta sunayensu ba, don in kika tsaya a ƙofar cocin nan kika kira Roi ko Gam, mutum nawa ne za su waiwayo.

Ranar da na fara zuwa gidanta na ajiye na'urar ɗaukar murya a tsakaninmu, na gama dogon bayanina, ta tsaya tana kallona. Na ɗauka na'urar take tsoro. Sai Gam ya ce a'a, matsalar ita ce ba ta san da me za ta kira ni ba. Su a wajensu mutum ba ya zama haka kawai a tsakar ɗaki. Dole ya kasance ɗan wani dangi, don a san wa zai kira kawu, wa zai kira suruki, wa zai girmama, da wa zai yi wasa. Wanda ba shi da dangi ba a san ta inda za a fara magana da shi ba.

Sai ta tambaye ni ta bakin Gam, ni ta nawa ce a cikin 'ya'ya mata a wajen uwata. Na ce ta fari. Ta tafa hannu ta ce, "Kaw." Haka suke yi: 'yar fari Kaw, ta biyu Lu, ta uku Roi, har ƙasa. Ita Allah bai ba ta mace ba, sai maza, ɗaya ma ya tafi daji bai dawo ba. Ta tashi ta ɗauko turmi ɗan ƙarami ta daka citta da busasshen kifi, wai haka ake yi in an sami haihuwa, da nama ake yi amma ta san ba zan ci namansu ba. Ta ɗebo da yatsunta ta sa mini a baki. Yajin ya sa ni hawaye, su kuma suna ta dariya.

Daga nan na zama 'yar dangin mijinta marigayi, Lahtaw. Tunda kuma akwai dangin da aka san su ke auren 'yan matan Lahtaw, nan take aka jefa surukinki cikinsu, wato Lahpai, shi yana can ɗakin gwaji yana fama da injina bai san an yi masa dangi ba. Da na gaya masa ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ni ma dariyar na yi, Inna, kuma a nan na yi kuskure. Mu masu wannan karatu an koya mana cewa in ka je wajen mutane ka ci abin da aka ba ka, ka zauna inda aka nuna maka, in an raɗa maka suna ka karɓa. Kusan kowa a sashenmu yana da irin wannan suna daga wani ƙauye, ana ba da labarinsa a wajen shan shayi. Na ɗauki nawa kamar hular da ake ɗora wa baƙo a wajen biki, a yi hoto a cire. Ban san su da gaske suke ba.

Tun daga ranar bakinta bai huta da sunan ba. Kaw zauna. Kaw ci. Kaw harshenki ya yi nauyi, sake faɗa. Kaw mijin nan naki yana ba ki abinci kuwa? Tana kiran sunan daga kicin, tana kira daga tagar bene in ta hango ni a ƙasa, har maƙwabta suka haddace. Ranar farko da ta ƙwala mini kira daga sama sai da na tsaya a tsakiyar hanya riƙe da jaka, na rasa abin da ke damuna.

Ke kin san abin da ke damuna. Ni 'yar fari ce, ga shi kuma sunan surukarki aka sa mini, kunya biyu ta haɗu a kaina. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ni ce waccan. Je ki ce wa waccan ta sauke tukunya. Waccan ta dawo kuwa?

Ranar da aka ba ni kyauta a makaranta wata mata ta tambaye ki ko 'yarki ce, kika kawar da kai kika ce, "'Yar gidanmu ce." Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni Jummai kika aiko da kunu, ina hango ƙafafunki ta ƙarƙashin labule, kin daɗe a tsaye ba ki shigo ba. Da na zo nan, in na kira waya kika ɗauka sai ki ce, "Wa ke magana?" alhali Jummai ta sa miki hotona a kan lambar. Ko a ciwonki na ƙarshe, ita ta gaya mini, abin da kika tambaya shi ne ko mutuniyar Malesiya tana cin abinci.

Na san ƙauna ce. Na san haka aka yi miki, haka aka yi wa uwarki. Amma ƙarya ne in ce bai taɓa yi mini ciwo ba.

Aikinmu da Nu Roi a ƙasa muke yin sa, a kan tabarma, fanka tana kaɗawa. In na tambayi kalma sai ta faɗa da Jingpho nan da nan, sannan ta rufe ido ta tafi nemo ta uwarta. Wani lokaci ta dawo da ita, wani lokaci ta dawo hannu wofi tana tsaki. Ranar da muka zo kan wuta ta ce wan, ta rufe ido, ta buɗe ta sake cewa wan. Na gaya mata irin wannan ne ya sa masana ke cewa harsunan biyu 'yan gida ɗaya ne tun tale-tale. Ta yi ta dariya, wai ashe iyayenta auren zumunci suka yi ba su sani ba. Kalmar da ta ɓace mata kuwa, sai bayan kwanaki ta kira ni a waya, ba sallama ba gaisuwa, ta ƙwala mini ita a kunne ta kashe.

Shekara ta zagayo muna haka, sai ga Juma'ar nan.

Ina guga da safe Gam ya kira. Muryarsa a dushe. Ya ce jiya da la'asar jami'ai sun zagaye titin masu yadi suna duba takardu, sun kwashe mutane da yawa, har da ita. Katin da suke jira daga ofishin 'yan gudun hijira bai fito ba, kuma a ƙasar nan wanda ba shi da takarda ba shi da bakin magana. Rabonta da allura tun safiyar Alhamis. Shugabannin ƙungiyarsu sun kai rahoto, amma ofishin ya ce sai an san inda take kafin a iya bin sawu, ga Asabar da Lahadi na tafe. A cikinsu babu wanda zai iya taka ƙofar hukuma ya fito.

Bai roƙe ni ba, Inna. Abin da ya tsorata ni ke nan. Ya kira ni yaya da yarensu, ya ce, "An kama uwarmu. Allurar tana wajena." Daga yadda ya yi maganar na gane sun riga sun zauna sun gama shawara, sun kwantar da hankalinsu cewa ai akwai 'ya mai takardu a gidan.

Abin da ba su sani ba, fasfona ba ya hannuna. Yana ofishin makaranta ana sabunta bizar karatu. Abin da nake yawo da shi kwafi ne da wata takardar shaida mai hatimi, wadda wani jami'in ke karɓa, wani ya ce bai san zancen ba.

Na gaya wa Abban Hafsa. Ya ajiye kofin shayinsa ya dube ni kamar na ce zan shiga rijiya. Ba laifinsa ba ne, duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Ya ce ni baƙar fata ce, 'yar Najeriya, kuma na san irin kallon da ake yi wa koren fasfo ko yana hannu, balle babu. Ya ce in aka riƙe ni ko na kwana biyu ne labari zai kai makaranta, ya kai wajen masu biyan kuɗin karatuna, bizar ta tsaya, shekarun da na yi su tafi a banza. Ya tuna mini gargaɗin da ake ta turowa a zauren 'yan Arewa na waya, cewa kowa ya kama kansa a makon nan. Ya ce in bari zuwa Litinin.

Na ce suga ba ta san Litinin ba.

Sai ya yi kuskuren cewa ai in ma abin ya ƙi, za a samu wata mai jin yaren. Ban san lokacin da na ɗaga masa murya ba, abin da ban taɓa yi a gaban yara ba. Na ce ba ƙamus aka kama ba. Hafsa ta leƙo daga ɗaki tana tambaya da Turanci me ya faru, na kore ta. Dutsen guga yana ta huci a kan rigar makarantarta.

Ya tashi ya shiga kicin. Na ji yana fasa ƙanƙara. Ya fito da filas ɗin da muke zuba wa yara ruwa, ya cika shi, ya miƙo mini ba tare da ya kalle ni ba. Ya ce ba zai bi ni ba, don in aka riƙe mu duka babu mai ɗauko yara. Ya ce in bar wayata a kunne.

Na hau jirgin ƙasa daga tashar Pantai Dalam, na canza wani zuwa Sentul. Gam yana jira a ƙarƙashin bene, bai ko yarda ya fito bakin titi ba. Ya ba ni alluran a cikin kwalinsu na asibiti mai ɗauke da sunanta, na naɗe a leda na tura cikin ƙanƙara. Ya ba ni kuma shinkafa da ya ƙunsa a ganyen ayaba yadda take so. Ya ce in gaya mata ya ci abinci, ko da yake da gani bai ci ba.

Ofishin shige da fice da na fara zuwa suka ce ba a kawo kowa nan ba, suka kwatanta mini wani. Rana ta take, irin zafin garin nan mai jiƙa mutum. Ina tafiya ina jin ƙanƙarar tana komawa ruwa, sautin filas ɗin yana canzawa a hannuna. Na tsaya a wani shagon mamak, masu sayar da shayi da gurasar roti, na nuna wa mutumin filas. Ya zubar da ruwan ya cika mini da sabuwa, bai tambaye ni komai ba.

Wuri na biyu babban gida ne mai katanga, da wata babbar mota mai raga a tagogi tsaye a harabar. Na tsaya a tsallaken titi na kasa ƙetarawa. Na daɗe a nan, Inna, ba zan ɓoye miki ba. Na ce wa kaina har yanzu ban yi komai ba, zan iya juyawa in ce wa Gam an hana ni shiga, babu wanda zai taɓa sani. Sai na tuna yadda kika tsani a tsaya miki a bakin ƙofa. "Ko a shigo ko a tafi," haka kike cewa, kina kallon wani wajen. Na yi bismillah na ƙetara.

Wadda na samu a kantar ofishin mace ce sa'ata, da ɗankwalinta a ƙarƙashin hula. Na yi mata bayani da guntun Malay ɗina da Turanci. Ta duba ta ce eh, akwai mai wannan suna, kuma yanzu za a wuce da su sansanin da ke wajen gari. Kafin in yi ajiyar zuciya ta miƙo hannu ta ce fasfo.

Na ba ta kwafin da takardar makaranta. Ta karanta gaba, ta juya baya, ta dube ni. Ta ɗaga waya ta kira lambar da ke jiki, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Juma'a ce, an tashi sallah, kuma hutun Juma'ar nan yana da tsawo. Ta ajiye takarduna a gefenta ta ɗora hannu a kai, ta nuna mini benci ta ce in zauna. Ba ta yi mini tsawa ba, aikinta take yi. Amma na gane cewa daga wannan lokaci ko na so tafiya ba ni da ikon tashi.

Na zauna da filas a cinya. Wayata tana ta motsi a jaka, na san surukinki ne, na kasa ɗauka don ban san me zan ce masa ba. Na tuna Hafsa da ƙaninta. Na tuna ranar da zan taho, da kika aiko Jummai ta ce mini in kama mutuncina a ƙasar mutane. A waje aka tayar da motar, ƙarar injin tana shigowa ta taga. Gumin filas ɗin yana ɗiga a kan tayil tsakanin ƙafafuna.

Sai matar ta ɗago ta kira ni. Ta ce magani daga waje sai ta hannun dangi. Ta ce mene ne tsakanina da wannan tsohuwa.

Duk hanyar nan da na sha ban shirya wa wannan tambaya ba. In na ce tana taimaka mini a bincike, gaskiya ce, amma ba za ta buɗe ƙofa ba. In na ce uwata ce, ga ni baƙa wuluk cikin hijabi, ga ta 'yar Myanmar mai gicciye a wuya, ga takarduna a ƙarƙashin tafin hannun mai tambayar. Kalma ɗaya da za ta ɗauka ƙarya ce ta isa ta kwana da ni a wurin. Bayan wannan kuma akwai ke. Na ji kamar in na furta kalmar nan na ɗauki wani abu naki ne na ba wata, ke kuma ba kya nan balle ki ce kin yarda.

Matar tana jira, biro a hannu.

A lokacin aka buɗe wata ƙofa ta gefe, aka fito da mata a layi za a kai su mota. Nu Roi tana can kusa da ƙarshe. Babu tabaranta, leɓɓanta sun bushe sun yi fari, tana taka ƙasa a hankali kamar ba ta yarda da ita ba. Har da guntayen zaren shago a jikin zaninta. Ban yi zaton za ta gane ni ba tabarau. Ta tsaya cak har ta bayanta ta yi karo da ita, ta ɗaga muryar nan tata ta tagar bene.

"Kaw!"

Ban yi shawara da kowa ba, Inna. Na ji kawai bakina ya ce, "Na'am, Inna."

Da Hausa na faɗa, da ƙarfi, a ɗakin da babu mai jin Hausa. Matar ta dubi tsohuwar, ta dube ni, ta sake duban tsohuwar. Ban san me ta gani ba. Ta ajiye biron, ta miƙo hannu ta karɓi filas, ta ciro kwalin ta gwada sunan da na takardarta. "Boleh," ta ce, wato an yarda. Ta sa aka fitar da Nu Roi daga layi aka zaunar da ita a kujera, aka kira ma'aikacin lafiyarsu. Ya huda mata yatsa, ya dubi na'urarsa, ya girgiza kai, ya yi mata allurar nan take. Sauran alluran ya ce za su tafi da su tare da ita.

Shinkafar dai an ce ba za ta shiga ba. Na durƙusa a gabanta na gaya mata Gam ya ci abinci. Ta dube ni irin kallon da ke cewa ta san ƙarya ce. Ta taɓa ƙunshin ganyen da ke hannuna ta tura shi wajen ƙirjina ta ce, "Kaw, ci." Daga nan aka ɗaga ta. Ina tsaye aka rufe motar, ina tsaye ta fita daga harabar.

Matar ta rubuta mini sunan sansanin a 'yar takarda don in ba masu bin sawu. Bayan an sauko daga masallaci makaranta ta ɗauki waya, aka tabbatar da ni, aka miƙo mini takarduna. Na fita. A wajen jiran bas na kwance ganyen ayabar na ci shinkafar nan tas ina kuka, wata 'yar Sin da ke gefena ta matsa can ƙarshen benci.

Har yau da nake rubutun nan tana can. Ofishin 'yan gudun hijira ya karɓi sunanta da inda take, sun ce za su je, ba su ce yaushe ba. Wasu ana sakinsu, wasu ana mayar da su ƙasar da suka gudo, kuma babu mai iya gaya mini ita a wanne za ta faɗa. Allurar da na kai ba za ta daɗe ba. Fasfona bai fito ba tukuna, amma zan koma a makon nan da wata allurar. Surukinki ya ce wannan karon shi zai kai ni a mota ya jira a waje, wai ai shi ma surukin gidan ne, bai kamata a ji shi shiru ba. Na'urar ɗaukar muryar tana cikin jaka ban taɓa ta ba. Akwai kalmomin uwarta da yawa da ba mu kai gare su ba, amma in na ce miki su ne ke hana ni sukuni na yi ƙarya.

Abin da ya sa na rubuto shi ne amsar nan. Taki ce, Inna. Tun ina yarinya nake ajiye da ita. Na sha gwada ta a raina, yadda zan ce in wata rana kika manta kika kira sunana daga ɗaki. Ba ki taɓa mantawa ba, ke ba mai mantuwa ba ce. Sai ga shi ta kuɓuce mini a gaban jami'ai, a ƙasar da ba ki taɓa gani ba, saboda wata mata da ba ta san alkunya irin tamu ba. Ban sani ba ko na ba da hakkinki ne. In haka ne ki yafe mini. Amma zuciyata tana gaya mini da kina wajen, da kin kawar da kai kin ce wa Jummai, je ki ce wa waccan ta kyauta.

Allah Ya jiƙan ki, Innata. Allah Ya yalwata miki kabarinki, Ya haskaka shi, Ya saka miki da alheri a kan kowane kunu da kika aiko da kowace tsayuwa da kika yi a bayan labule. Allah Ya fito da Nu Roi lafiya, Ya mayar da ita tagar benenta, Ya kwantar wa Gam da hankali. Allah Ya haɗa ni da ke a gidan da babu rabuwa, inda nake fatan an ɗauke wa iyaye wannan nauyin baki. In mun haɗu ki kira ni, ko a hankali ne. Yanzu na san zan iya amsawa.

Ga sunan nan na rubuta a ƙasa, babu kowa a kusa da ke. Ki daure ki karanta shi a fili.

'Yarki ta fari,
Safiya